Ruwan Assop a gindin Hawan Kibo: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Abuja ya sha wuce wannan ruwa mai faɗowa daga kan duwatsu, galibi da gudu, hankalinsa na kan tirelar da ke bayansa. Ni ma na yi shekaru ina wucewa kafin wata rana yara su matsa mini in tsaya. Tun daga nan abokai suke ta tambayata a kansa.

A ina yake takamaimai?

Idan ka baro Jos ka bi ta Bukuru, ka wuce Mararrabar Jama'a da Riyom, sai ka kama gangaren Hawan Kibo. Ruwan yana can wajen gindin gangaren, kafin ka isa mararrabar Fores inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Kafanchan, ɗaya ta yi Akwanga. Kimanin kilomita 60 ne daga Jos, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Akwai ɗan kuɗin shiga, saboda haka a riƙe canji a aljihu.

Ya kai Gurara girma?

Ina! Wanda ya je da Gurara ta jihar Neja ko Farin Ruwa ta Wamba a ransa, zai dawo yana tsaki. Assop ƙarami ne. Abin da ya fi su da shi kusanci da titi: ka ajiye mota, ka ɗan taka, sai ƙarar ruwa ta danne ta motoci. Ruwan yana zubowa ta kan baƙaƙen duwatsu zuwa wani gurbi, bishiyoyi sun yi masa rumfa, feshinsa yana sauka a fuska kamar yayyafi. Minti 40 sun ishe ka, sai dai idan an zo da abinci.

Me ya sa ruwa ke faɗowa a daidai nan?

Saboda nan ne bakin tudun Filato. Jos tana zaune a kan tsayin da ya kai wajen mita 1,200 daga teku, shi ya sa muke da sanyin da Kano ba ta da shi. A Hawan Kibo ƙasa ta karye, ta gangara ƙwarai cikin 'yan kilomitoci. Abin da motarka ke yi a kwana-kwana, shi rafi ke yi a tsaye. Jikinka ma zai gaya maka: kunne ya toshe, rigar sanyin da ka sa a Bukuru ta fara damunka, ciyawa da duwatsun saman tudu su koma kurmi. Matsirga, wani ruwa mai faɗowa irin wannan a kusa da Kafanchan, shi ma ba shi da nisa da wannan yanki.

Wane lokaci ya fi?

Da damina ruwan ya fi cika, musamman Agusta da Satumba, amma yana zuwa da laka, jajawur, ga santsi ko'ina. Da tsakiyar rani kuma yakan ragu sosai. Ni dai Oktoba zuwa Nuwamba nake zaɓa: ruwa da sauran ƙarfi, ya fara washewa, ganye bai bushe ba.

Za a iya shiga wanka?

Shawarata, a tsaya a gefe. Ruwan da ke faɗowa daga sama yakan haƙe ƙasan gurbinsa, ya riƙa juyawa a ciki, ko da samansa ya yi lif. Iya iyo a kududdufin unguwa ba ya aiki a nan. Kuma ana iya yin ruwan sama can bisa tudu, kai kana cikin rana, rafin ya ƙaru ba sallama.

Duwatsun ma abin tsoro ne. Ran da muka je, ina ƙoƙarin matsawa in ɗauki hoto, sai wani saurayi ɗan yankin ya riƙo hannun rigata. "Baba, ba nan ba," in ji shi, "duk dutsen da ka ga yana sheƙi, gansakuka ce." Bai rufe baki ba silifas ɗin autana ya suɓuce, muna kallo ruwa ya tafi da shi. Da ƙafa ɗaya ya koma mota, yana kuka, yayyensa na dariya. A sa takalmi mai kama ƙasa, kuma kada a saki hannun yaro.

Hanyar fa?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma ita ce ba a cika yi ba. Hawan Kibo ya yi suna da haɗarin manyan motoci. A sauka da ƙaramar giya, kada a ɗora wa birki nauyin gangaren duka, don yana zafi ya saki. Kada a wuce tanka a kwana. Da sassafe a damina hazo kan rufe saman tudu, sai a jira gari ya waye sosai, a kuma juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Idan da sauran lokaci a dawowa, a tsaya kallon Dutsen Riyom, duwatsun da aka ɗora bisa juna kamar da hannu.

Wanda ba shi da mota fa?

Direban tasha ba zai tsaya maka ba, fasinjojinsa sauri suke yi. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata daga Jos, ku yi ciniki har da jira da dawowa tun kafin a tayar da mota.