Waiwaye: Wuƙar kicin ɗin Hannah Höch da asalin fasahar yanka-da-liƙi

Idan malamin zane ya kai ɗalibansa gaban babban aikin yanka-da-liƙi na Hannah Höch, mai fasaha 'yar Jamus, mallakar gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Balin, ido kan rasa inda zai sauka. Takarda ce mai tsawon santimita 114 da faɗin 90, cike maƙil da kawunan mutane, ƙafafun injina da haruffa, duk an yanko su daga mujallu an liƙa. Ga Einstein a sama ta hagu, ga hamɓararren sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ta dama, ga kan Janar Hindenburg an ɗora a jikin wata mai rawa. Ta yi aikin tsakanin 1919 da 1920, kuma dogon sunan da ta ba shi ya fara ne da maganar yanka da wuƙar kicin. Da gangan ta zaɓi wannan wuƙa.

Abin da aka saba koya wa ɗalibai shi ne an haifi yanka-da-liƙi a Faransa a 1912. A shekarar mai zane Picasso ya manna wata leda mai zanen saƙar kujera a jikin zanensa, shi kuma abokin aikinsa Braque ya sayi takardar bango mai kamar katako a garin Avignon ya liƙa ta a nasa. Hakan ya faru. Sai dai almakashi da gam sun daɗe a hannun mata kafin su. A Ingila, Mary Delany tana da shekara 72 ta fara yanka takardu masu launi tana haɗa furanni da su, a 1772, ta yi kusan dubu, yanzu suna gidan tarihin Birtaniya a Landan. A shekarun 1860 da 1870 matan masu hali na Ingila, irin su Lady Filmer, sun riƙa yanko kawunan 'yan uwa da baƙi daga hotuna suna ɗora su a kan zanen da suka yi da hannu, wani lokaci don tsokana. Ba wanda ya kira wannan fasaha a lokacin; abin ɗebe kewar matan gida aka ɗauke shi. Sai da ya shiga ɗakin aikin maza biyu a Faransa sannan ya samu suna da ranar haihuwa.

Höch ta san duniyoyin nan biyu ciki da bai. An haife ta a garin Gotha a 1889, ta zo Balin a 1912 ta shiga makarantar sana'ar hannu, domin manyan makarantun zane na gwamnati a birnin ba su buɗe wa mata ƙofa ba sai 1919. Daga 1916 zuwa 1926 ta yi aiki a kamfanin ɗab'i na Ullstein tana zana samfurin saƙa da surfani don mujallun mata. Ke nan abincinta daga almakashi yake fitowa, kuma mujallun kamfanin su ne suka zama kayan aikinta. Ita da saurayinta Raoul Hausmann sun ce a wani hutu a bakin tekun Baltik a 1918 suka ga hotunan tunawa da aikin soja, inda ake manna fuskar ɗan gida a kan sojan da aka riga aka buga, daga nan dabarar yanka hotuna ta zo musu.

Ƙungiyar Dada ta Balin kuwa, ta masu fasaha 'yan tawaye da Höch da Hausmann suke ciki, da bakinta ta ce ta zo rusa tsohon tsari kaf, har da yadda ake danne mata. Amma da aka zo shirya baje kolinsu na 1920, George Grosz da John Heartfield, biyu daga 'yan ƙungiyar, ba su so a sa aikinta ba, sai da Hausmann ya yi barazanar janye nasa. Shekaru da yawa bayan haka, da Hans Richter ya zo rubuta tarihin ƙungiyar, abin da ya fi tunawa game da ita shi ne yadda take samo musu burodi da giya da kofi a lokacin da aljihu ya bushe. A nan ne sunan aikin yake ƙara kaifi: kicin suka tura ta, da wuƙar kicin ɗin ta fito. A tsakiyar takardar ta sa kan mai zane Käthe Kollwitz, wadda a 1919 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikakkiyar mamba a majalisar masana fasaha ta Furusiya, yana lilo a saman jikin 'yar rawa Niddy Impekoven.

Akwai wani sashe na aikinta da mai kallo daga Afirka ba zai wuce shi da sauri ba. Daga tsakiyar shekarun 1920 ta yi jerin ayyuka inda take haɗa hotunan sassaƙe da abin rufe fuska na Afirka da Oshiyaniya da ƙafafu ko idanun matan Turai, tana ɗora su a kan dandamali kamar kayan nuni. Manufarta ta nuna yadda ake baje mace kamar haja. A ganina ta yi nasara rabi ne, domin su sassaƙen ma ta ɗauke su tamkar kayan aro, ba ta tsaya tambayar daga wace al'umma suka fito ba, ko ta yaya suka iso akwatunan gilashin Turai. Masu nazari sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan.

Sauran labarin gajere ne. A 1932 aka soke baje kolinta a makarantar Bauhaus ta Dessau da 'yan Nazi suka matsa aka rufe makarantar. A 1939 ta koma wani ƙaramin gida a Heiligensee, gefen Balin, ta ɓoye takardu da ayyukan Dada waɗanda da an same su da ta shiga uku. Ta rasu a 1978, shekarar da masu zane Miriam Schapiro da Melissa Meyer a Amurka suka yi rubutu suna cewa a lissafa ɗinkin faci-faci da kundin liƙe-liƙen mata cikin tarihin wannan fasaha. Babban baje kolin ayyukanta ya isa gidan zane na MoMA a New York a 1997.

Ɗalibin da ya sunkuya ya duba kusurwar ƙasa ta dama ta aikin wuƙar kicin ɗin zai ga wata 'yar taswirar Turai da ke nuna ƙasashen da mata suka samu 'yancin zaɓe. Matan Jamus sun fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa a Janairun 1919. A gefen taswirar, inda mai zane ya saba sa hannu, Höch ta manna hoton fuskarta, ɗan mitsitsi.