Waiwaye: yadda harajin albashi ya ɓace a Saudiyya, da inda nauyinsa ya koma

Tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar haraji ta Najeriya a watan Yunin 2025, wadda ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara, gardamar rage haraji ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Hausawan Makka da Jidda. Wa zai fi cin moriya, attajiri ko mai matsakaicin samu? Kusan kullum sai wani ya yanke zancen da cewa a nan Saudiyya ai ko halala, wato kwabon ƙasar, ba a cirewa a albashi da sunan haraji. Haka ne. Amma wannan hali yana da tarihi, kuma tarihin ya amsa rabin tambayar.

A 1950 aka kafa dokar harajin kuɗin shiga a kan baƙi, 'yan ƙasa kuwa zakka ce a kansu. Da kuɗin mai ya tumbatsa bayan 1973, ana neman ma'aikata ido rufe, sai aka janye harajin albashin baƙi a 1975. Wannan sananne ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 'yan kwanakin farkon 1988. Farashin gangar mai ya rufto a 1986 har ya kusa dala 10, kasafin kuɗi yana ta giɓi shekara bayan shekara. Sai aka sanar da dawo da haraji kan albashin baƙi, irin mai hawa-hawa, wanda gwargwadon samunka gwargwadon kason da za a cira, har ya kai kashi 30 cikin ɗari ga manyan albashi. Direba da lebura ba su ne za su fi jin jiki ba. Likitoci ne da injiniyoyi da manajoji. Su kuwa suna da abin da ƙaramin ma'aikaci ba shi da shi: inda za su koma. Aka fara miƙa takardun ajiye aiki, asibitoci da kamfanoni suka ga za su wayi gari ba ƙwararru. Cikin kwanaki kaɗan aka soke shirin.

A ganina a nan hanya ta rabu. Abin da ya bayyana a lokacin shi ne, harajin da ya fi danna mai babban samu yana da wuyar zama a ƙasar da ta dogara da ƙwararrun da tikitin jirgi ɗaya ya ishe su. Mai kuɗi yana iya tafiya, ko ya yi barazanar tafiya a saurare shi. Akawu ko ma'aikacin jinya da aka haifa a unguwar Shari'ul Mansur ta Makka, iyayensa na nan, 'ya'yansa na makaranta a nan, ina zai nufa? Buƙatar kuɗin ba ta gushe ba don an soke harajin, jira kawai ta yi.

Da mai ya sake faɗuwa daga 2014, sai ta dawo ta wata ƙofar. A Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin iyali daga baƙi, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zama, yana ƙaruwa har ya kai 400 a 2020. Harajin saye da sayarwa ya zo a Janairun 2018 da kashi 5, ya koma kashi 15 a Yulin 2020, lokacin korona. 'Yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi an buɗe musu asusun tallafi a ƙarshen 2017, baƙo ba ya ciki.

Yi lissafin da kanka. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata. Idan albashinsa 6,000 ne, sulusi ya tafi kafin ya sayi buhun shinkafa. Mai albashin 40,000 da iyali iri ɗaya, kashi 5 kacal ya fita. A kanti ma haka: wanda ke kashe duk abin da ya samu kafin ƙarshen wata, kaso mai yawa na samunsa ya bi ta ƙarƙashin kashi 15 ɗin nan, mai rara kuwa abin da ya ajiye ba a taɓa shi ba. Shi ya sa gidaje da dama suka mayar da mata da yara Kano ko Damagaram, maigida ya koma zaman gwauro a ɗaki guda, yana ganin 'ya'yansa ta waya. Abin yana da ciwo ƙwarai.

Don haka duk inda aka ce za a rage harajin albashi, a Abuja ne ko a Amurka, a tambayi ta inda za a cike giɓin. Maƙwabciya Oman ta ɗauki wata hanyar: daga 2028 za ta karɓi kashi 5 daga masu samun fiye da riyal 42,000 na ƙasar a shekara, karo na farko a ƙasashen Larabawan yankin Gulf.