Da'irar Kunna Makunnin Babbar Wuta a Na'urar Leza

Da'irar kunnawa ita ce ƙaramar da'irar lantarki da ke ba babban makunni umarnin sakin wutar da aka tara a kafasita, domin ta ratsa iskar da ke cikin bututun leza a bugu ɗaya. Ana samunta a lezar naitirojin, da lezar kabon dayoksaid mai bugu, da lezar eksaima irin wadda likitocin ido ke gyara gani da ita. Wutar da ake tarawa takan kai bolt dubu 20 zuwa 40, kuma ta wuce cikin nanosakan kaɗan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan).

Makunnan da aka fi sani uku ne: giɓin tartsatsi (ƙarafa biyu masu ɗan giɓi a tsakani da wuta ke tsallakawa), da bututun tayiraton mai iskar haidirojin, da taransistocin IGBT na zamani. Giɓin tartsatsi shi ne a cikin tsarin ninka ƙarfin wuta da Bajamushe Erwin Marx ya fito da shi a 1924. Yana buƙatar bugun kunnawa na dubban bolt mai tashi da sauri. Idan bugun ya yi kasala, lokacin tashin tartsatsin sai ya riƙa sassaɓawa, hasken ma ya ƙi daidaita.

Babbar matsalar ita ce makunni ya tashi ba a umarce shi ba. A lokacin da babbar wuta ta fita, takan turo bugu da baya ta ƙone da'irar kunnawa, ko ta ruɗe ta. Shi ya sa ake raba da'irar kunnawa da ɓangaren babbar wuta ta hanyar taransifomar bugu, a aika umarni ta zaren haske maimakon waya, a rufe da'irar cikin akwatin ƙarfe, a gajarta wayoyin ƙasa.

A Legas akwai ƙarin abubuwa biyu. Laimar iskar teku da ƙura sukan kwanta a kan allon da'ira, har a ji ƙarar tsuwa a ga siririn layin baƙi inda wuta ta bi ta kan roba. Na biyu kuma rawar wutar Nepa da ta janareta: hitar tayiraton yawanci bolt 6.3 take so, kuma ɗan sauyi a wutar ma'ajin haidirojin da ke cikinsa kan sauya halin tayiraton ɗin gaba ɗaya. Mai gyara daga Agege ko Alaba da ya fara da sitabilaiza da busasshiyar iska ya rage rabin wahalarsa. Kafin ya taɓa komai kuwa, dole ya sauke wutar kafasita da sandar ƙasa, wato sanda mai wayar da ke kai wuta ƙasa, domin tana riƙe abin da zai kashe mutum bayan an kashe na'ura.