Dokar da ta hana tumɓuke bishiyar saikad a Afirka ta Kudu

A watan Agustan 2014 ɓarayi suka shiga lambun Kirstenbosch da ke birnin Cape Town da dare, suka haƙe bishiyoyin saikad 24 suka yi awon gaba da su. Guda 22 daga ciki nau'in Encephalartos latifrons ne, wanda abin da ya rage nasa a daji bai kai ɗari ba. Mai karatu zai ce, bishiya kuma, me za a yi da ita? Masu kuɗi ne ke sayenta don ƙawata lambunansu, kuma gwargwadon ƙarancinta gwargwadon tsadarta.

Saikad, in ka hango ta, sai ka ɗauka gajeren dabino ne, amma ba danginsa ba ce. Zuriyarta ta riga dabbobin dainoso zuwa duniya. Akwai nau'i fiye da 350, kuma kimanin kashi biyu cikin uku nasu suna fuskantar barazanar ƙarewa. Girmanta na tafiyar hawainiya ne: wadda ta kai tsayin mutum tana iya girme kakan mai lambun. Wanda ba zai iya jira ba sai ya aika a haƙo masa ta daji.

Doka ta farko ta duniya ce, wato yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran daji, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma ƙasashe sama da 180 suna ciki, har da Najeriya. Ta kasa halittu rukuni-rukuni. Duk nau'o'in Encephalartos, wani dangin saikad na Afirka, suna Rukuni na Ɗaya, inda aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Idan don bincike ne, sai an sami takardar izini daga ƙasar da za a fitar da kuma wadda za a kai wa. Akasarin sauran saikad suna Rukuni na Biyu: ana ciniki, amma da takardar fitarwa, kuma sai masanan ƙasar sun tabbatar cinikin ba zai cutar da nau'in ba.

Yarjejeniyar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Saikad ɗin Rukuni na Ɗaya da aka rena a gandun dashe ana ɗaukarta kamar ta Rukuni na Biyu, ana iya sayar da ita waje. Hikimar ita ce mai sha'awa ya sami ta halal ya ƙyale ta daji. Ta wannan ƙofar kuma ɓarayi suke bi, su haƙo tsohuwar bishiya daga kan dutse, su dasa a gandu, su ce renonsu ce.

Afirka ta Kudu, mai nau'i kusan 38, ta ɗora tata dokar a kai. Dokar kare halittu ta 2004, wadda ake kira NEMBA, da ƙa'idojin da suka biyo ta a 2007, sun ce mallakar saikad ɗin da aka lissafa, ko sayar da ita, ko ɗaukarta daga wani wuri zuwa wani, ko bayar da ita kyauta, duk sai da lasisi. A watan Mayun 2012 ministar muhalli Edna Molewa ta fitar da sanarwar da ta hana tumɓuke ko cinikin Encephalartos na daji, sai dai don aikin ceton nau'in. Sanarwar ta kuma hana fitar da na gandu waje idan kaurin gindinsa ya wuce santimita 15, ko 7 ga wasu gajerun nau'o'i. A ganina wannan awon shi ne mafi wayo a dokar duka, domin ma'aikacin kwastan ba ya iya tantance tarihin bishiya, amma yana iya sa mata tef. Hukuncin mai laifi yana kaiwa tarar rand (kuɗin ƙasar) miliyan 10, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun.

To, in ana iya renonta a gandu, me ya sa ake wannan tsanani kan ta daji? Manomin dabino ya san amsar. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma ɗan gindin da aka cire aka dasa ba sabon iri ba ne, uwarsa ce sak. Haka saikad take. A 1895 masanin tsirrai John Medley Wood ya tarar da wata irinta a dajin oNgoye na yankin KwaZulu-Natal, namiji tilo mai rassa daga gindi ɗaya. Aka sa masa suna Encephalartos woodii. Yau akwai shi da yawa a lambunan duniya, har da lambun Kew na Ingila, amma duk 'ya'yan gindin wancan namiji ne, kuma har yanzu ba a ga macen ba. A ƙirga suna da yawa, a ƙwayoyin gado kuwa guda ɗaya ne. Cutar da ta iya kashe ɗaya tana iya gamawa da dukansu, kuma ba za su taɓa ba da tsaba ta kansu ba.

Ko inda ba a kai nan ba, kowace babbar bishiya da aka tumɓuke tana tafiya da wani gado da babu shi a jikin sauran. Waɗanda aka bari kuma sai su yi wa juna nisa, ƙananan ƙwarin da ke kai garin barbara daga namiji zuwa mace su daina zuwa. Abin da ya sami latifrons ke nan, har sai da aka koma yi mata barbara da hannu. A 2011 gwamnati ta fitar mata da tsari na musamman, wanda ya jawo masu gonakin da take ciki su shiga aikin renon 'ya'yanta.

Inda dokar take ɗingishi shi ne wajen hujja a kotu. An gwada dasa ƙananan na'urorin shaida a cikin gindin bishiyoyin daji, ɓarayi suka koyi gano su suna ƙwaƙulewa. Yanzu masana suna amfani da gwajin ƙwayoyin halitta da sinadaran da bishiya ta sha daga ƙasa don nuna inda ta girma. Ko an ƙwato ta, tsugune ba ta ƙare ba: ba a mayar da ita daji sai an san tsaunin da ta fito, kada a cuɗa gadon wani yanki da na wani.

Mu ma muna da tamu. Encephalartos barteri tana tsirowa a Najeriya da Benin da Togo da Ghana, wani ƙaramin nau'inta kuma a tsaunukan Filato. Tana Rukuni na Ɗaya kamar 'yan'uwanta na kudu, don haka haƙo ta daga daji a tsallaka iyaka da ita don sayarwa ya saɓa wa yarjejeniyar.