Gardamar ikon Allah a majami'un Damagaram ta daɗe da yin saiwa

Masu bi a Zinder suna ta ja-in-ja: wasu na cewa inda babu waraka ko buɗin arziki, ikon Allah bai sauka ba, dattawa na cewa ba haka aka koya musu ba. Ana ɗora wa WhatsApp laifin, amma abin ya girmi wayar hannu.

Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta zauna Zinder a 1924, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932. Tun daga nan sai an koyi karatun boko, kowa ya buɗe babi da kansa. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyin addini suka yawaita, wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne zamanin kaset, daga shekarun 1980 zuwa na 1990. Wa'azi ya riƙa shigowa ta hanyar Kano, a sa shi a rikoda, ana tsintar shinkafa ana saurare. Yaran da suka yi lakwal da Faransanci kuwa, karatun Hausa ya yi musu nauyi. Sai aya ta rabu da babinta. Kunne ya riƙe Irmiya 32:17, cewa babu abin da ya fi ƙarfin Allah, ba a ji cewa annabin yana tsare ne a lokacin, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, ya kuma auna azurfa shekel 17 ya sayi gona a Anatot. Aka haddace Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, aka tsallake aya ta 12 inda Bulus ya ce ya san ƙoshi, ya san yunwa. A ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, ai wannan ayar ce ya kamata ta fi zama a baki.

Daniyel 3 ma haka: abokan Daniyel uku, da sarkin Babila ya ce zai jefa su a wuta in ba su yi wa gunkinsa sujada ba, sun ce Allah na da ikon cetonsu daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Rabin farko ake yawo da shi. Waya ta zo ta tarar da aya a gutsure, ita dai ta ƙara mata gudu ne kawai.