Sadarwar kwamfuta

Sadarwar kwamfuta ita ce haɗa na'urori biyu ko fiye don su riƙa musayar bayanai, ta waya ko ta iska. A Maradi an fi kiran ta reso. Kwamfutocin ofis ɗaya da ke amfani da injin buga takarda guda ƙaramin reso ne, akwai kuma manya da suka haɗa garuruwa da ƙasashe. Intanet ita ce haɗakar dubban irin waɗannan a faɗin duniya.

Yadda saƙo ke tafiya

Duk abin da aka tura, murya ce ko hoto ko rubutu, sai na'ura ta mayar da shi jerin 0 da 1. Kowace lamba ɗaya sunanta bit, takwas su ne bait guda, megar da ake saye a waya kuwa kusan bait miliyan ɗaya ce.

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Yayyanka shi ake yi ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar jeri. Kamar ɗan kasuwa ne da ya rarraba buhunan wake a motoci daban-daban daga Maradi zuwa Kano, kowane buhu da suna a jikinsa. Wata mota ta riga wata isa, amma a can za a ƙirga a jera, in ɗaya bai zo ba a nemi a sake turowa. Na'urorin da ake kira rauta su ke zaɓa wa kowane ƙunshi hanya, in wata ta toshe su karkata shi ta wata. Ƙa'idojin wannan aiki, TCP da IP, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka tsara tushensu a 1974.

Kowace na'ura a intanet tana buƙatar adireshin IP. Tsohon tsarin, IPv4, bai wuce adireshi kusan biliyan 4.3 ba, shi ya sa aka fito da IPv6 da waɗannan suka yi kaɗan. Tunda mutum ba zai haddace lambobi ba, tsarin DNS ne ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. Sunayen shafukan Nijar suna ƙarewa da .ne, na Najeriya da .ng.

Tarihi a taƙaice

A 1969 aka kafa ARPANET, reson da ya zama tushen intanet, a Amurka, saƙon farko ya tashi daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ranar 29 ga Oktoba. Ta koma amfani da TCP/IP ranar 1 ga Janairun 1983. A 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba.

Hanyoyin da ke ɗauke da shi

Mutane da yawa sun ɗauka a iska saƙo ke yin dukan tafiyarsa, alhali iska kaɗan ce a ciki. Idan mace a unguwar Zariya da ke Maradi ta tura wa ƙanwarta saƙon murya ta WhatsApp, wayarta da turken sadarwa mafi kusa kawai take magana. Daga nan galibi sai zaren gilashi da aka binne a ƙasa, siririn abu kamar gashin kai, inda bayanai ke gudu a matsayin haske, wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa. Saƙon zai fita ƙasar, ya isa manyan kwamfutocin kamfanin, sannan ya dawo, ko da ƙanwar tana bayan katanga.

Nan ne matsayin Nijar ya zama abin lura ƙwarai. Ƙasar ba ta da teku, manyan wayoyin da suka haɗa nahiyoyi kuwa a ƙarƙashin teku suke, irin su SAT-3 da ke fitowa a Kwatano da Legas. Dole ta bi ta ƙasashen maƙwabta kafin ta kai gare su. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama lokaci guda. Tauraron ɗan'adam yana cike giɓi, sai dai wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 yana kawo jinkirin da ake ji a cikin hira.

A 2024, kamfanonin sadarwa da ke aiki a Nijar sun haɗa da Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, hukumar ARCEP ce ke sa musu ido. Igiyar rediyo ba ta san iyaka ba, don haka a wajen Ɗan Isa waya kan kama layin Najeriya. Kowane turke kuma wuta yake ci dare da rana, shi ya sa ake ajiye masa batura da janareta ko faranten hasken rana. In duka suka ƙare, ƙauyukan da ke kewaye da shi sun rasa reso, komai yawan megar da ke cikin wayoyinsu.