The Ruins of Palmyra

The Ruins of Palmyra littafi ne mai zane-zane da aka buga a Landan a 1753, kan kufan tsohon birnin Tadmur da ke hamadar Siriya, wanda Turawa ke kira Palmira. Robert Wood, ɗan asalin Ayalan, shi ya rubuta shi. Ya fito da Ingilishi da kuma Faransanci, yana ɗauke da zane 57 da aka sassaƙa a farantan tagulla.

Tafiyar

A 1750 Wood ya tashi daga Italiya ta jirgin ruwa tare da James Dawkins da John Bouverie da wani mai zanen gine-gine Ba'italiye, Giovanni Battista Borra. Dawkins ne ya ɗauki mafi yawan nauyin tafiyar, dukiyar gidansu kuwa daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi ke aiki. Bouverie ya rasu a hanya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Sauran sun isa Tadmur a watan Maris 1751 da rakiyar mahaya masu makamai, a lokacin yankin yana hannun Daular Turkawa. Galibi ana cewa sun yi kimanin mako biyu a wurin, ko da yake akwai masu ganin bai kai haka ba.

Ba su ne Turawan farko da suka je ba. Fataken Ingila mazauna Halab sun riga su tun a 1678 da 1691.

Abin da ke ciki

Littafin ya buɗe da taƙaitaccen tarihin birnin, ciki har da zamanin Sarauniya Zanubiya, wadda Sarkin Rum Aurelian ya ci da yaƙi a 272. Sai dai ƙarfin littafin yana cikin zanen. Borra ya auna ginshiƙai da ƙofofi da adon rufi dalla-dalla, yadda magini zai iya ɗauka ya yi aiki da su. An ba da wuri mai yawa ga babban haikalin Bel, abin bautar mutanen birnin na dā, wanda Wood ya ɗauka haikalin Rana ne. A lokacin mutanen garin suna zaune a cikin farfajiyarsa, a gidajen laka.

Sun kuma kwafo rubuce-rubucen da ke jikin duwatsu, na Girkanci da na harshen Tadmur. Da waɗannan ne wani masani Bafaranshe, Jean-Jacques Barthélemy, ya warware haruffan Tadmur a 1754, ta hanyar kwatanta sunayen mutane a rubutun biyu.

Tasiri

Masu zanen gine-gine na Birtaniya sun yi ta kwaikwayon adon da ke littafin, musamman Robert Adam, wanda rufin wani zaure da ya tsara a gidan Osterley Park ya samo asali daga nan. Wood ya fitar da makamancin wannan littafi kan kufan Ba'albak, a ƙasar Labanan ta yau, a 1757.

A 2015 mayaƙan IS suka rusa haikalin Bel da na Ba'alshamin, abin da ya sa aka sake komawa ga zanen Borra.